Katantanwar da Baba Ya Tono a Yashi

Baba ya daɗe yana mini alkawarin kai ni ganin teku, amma mai gidan da yake wa tuƙi ya hana shi hutu. Wata Juma'a da la'asar ya fitar da ni bayan garin Riyad, gindin wani tsauni. Ya tona yashi, ya miƙo mini katantanwar da ta zama dutse.

"Ga tekunki, Uwata. Da can duk nan ruwa ne."

Na shinshina ta. Turaren aljihunsa na ji.

"Baba, a nan ka same ta?"

Ya kau da kai.

Da na girma na karanta cewa lallai teku ya taɓa rufe wurin. Har yau ban yarda da katantanwar nan ba, amma ba na barin kowa ya taɓa ta.