Kududdufin da Muka Cike

Tunda sun ɗora maka shugabancin ƙungiyar unguwa, saurari wannan kafin ka sa hannu a komai. Akwai wata unguwa da na taɓa zama a tsakiyar birni, wadda ta tara Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, kowa da harshensa, sauro kuwa bai ware kowa ba. A ƙarshenta akwai kududdufi, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gina gidajen, ya koma juji mai wari. Mutane suka gaji da jiran hukuma, suka ce za su cike shi da hannunsu, su yi wa yara filin wasa. Niyyar ba ta da aibi. Sai dai can kan tudu ake taron, a ƙofar gidan mai unguwa, kuma masu gidan kansu ne ke magana. 'Yan hayar gangare sai dai a aika musu da ranar gayya. A cikinsu akwai wata tsohuwa Bayarabiya mai tuyar ƙosai, shekara arba'in tana ɗaki ɗaya na ƙasa a bakin ramin. Nan ta yi jego, nan aka ɗauki gawar mijinta. Ta hau tudun da sandarta, ta tsaya bayan maza ta ce, "Ku kwashe sharar, amma ku bar ramin. Shi ke shanye mana ruwa." Wani ya kwaikwayi Hausarta, aka yi dariya, har da ni.

Asabar bakwai ana gayya. Da ta ga an fi ƙarfinta, ita ma ta riƙa kawo wa masu aiki ƙosai kyauta. Fili ya yi kyau, har aka dasa darbejiya. Ranar da aka yi ruwan farko na kirki, da la'asar, ya gangaro bai tarar da masaukinsa ba, sai ya shiga ɗakunan gangare. Kafin magariba bangon ɗakin tsohuwar ya jiƙe ya zube. Da ranta kawai ta tsira. Mutane suka taru cikin kunya, suka ce za su sake gina mata, suka kama haƙa magudanar da ya kamata su fara da ita. Amma kafin bulo ya bushe 'yarta ta zo da mota, ta mayar da ita garin da ta baro tun tana amarya, inda babu sauran wanda ya san ta. Can ta rasu, babu ko ɗaya daga cikinmu a wurin jana'izar, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Don haka kafin ka kira taro, fara gangarawa ka zauna da 'yan hayar unguwarka. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.