Ƙyallen Tarbar Baba

Ina aji uku a lakwal ranar da Inna ta shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gidanmu na Dumega, ta miƙo mini gawayi. Damina biyu ke nan Baba bai dawo daga cirani ba, ga shi mazan gari duk sun komo shuka.

"Rubuta mishi barka da zuwa, ni in bi da allura," in ji ta, don ba ta yi karatu ba.

Na ja layi da karan hatsi don kada rubutun ya karkace. Da na gama, na fara sa kwanan wata a kusurwar sama, yadda malaminmu ke yi kullum a allo.

Ta cafke hannuna har gawayin ya karye.

"Mi kike sawa nan?"

"Shekara, Inna."

"Goge, ɗiyata. In bai zo bana ba, da mi za mu tarbe shi baɗi?"

Ba ta jira ni ba. Ta jiƙa bakin zanenta ta yi ta murza wurin, baƙin ya fita amma ba ta daina ba.

Damina shida muka rataye ƙyallen a ƙofar gida, Baba bai zo ba. Yanzu yana cikin akwatina, kuma har yau ba na iya taɓa kusurwar nan.