Shatin Yatsu a Jikin Ginshiƙi

Guduma ɗaya Illo ya buga wa ginshiƙi na goma sha huɗu, simintin jikinsa ya ɓare, wani baƙin ruwa ya tsiyayo masa cikin hannun riga. Warin ya fi na mushen jaki. Ya tofar da yawu sau uku, amma abin bai bar maƙogwaronsa ba.

Teku ta janye tun da safe, ta bar shi cikin taɓo har gwiwa a ƙarƙashin gadar katakon da masunta ke ɗaure jiragensu. Makonni uku da suka wuce ɓarinta ɗaya ya rufta da wani tsohon masunci, ya karye a ƙugu. Shi ya sa kotu ta nemi kamfanin su Illo na Lyon ya turo injiniya ya gano dalili.

Dalilin kuwa ga shi yana motsi a tafin hannunsa. Tsutsar teku ce, fara sol, mai yauƙi, wadda ke cin itace kamar yadda gara ke cin azara. Ta rarake cikin ginshiƙan kaf. Takardun aikin 2005 sun ce an tumɓuke tsofaffin an kafa sababbi, alhali ko ɗaya ba a taɓa ba. Wani mara tsoron Allah ne ya bi su da siminti ya yaɓe, ya rufe ruɓa da kwalliya.

Abin takaici, yaɓen ya yi kyau. Da hannu aka yi shi, har da shatin yatsu a lanƙwashe, layi bisa layi. Ya ɗan tuna masa katangar kakarsa a Tawa, sai ya kori tunanin da tsaki.

Illo mutum ne da ba ya haɗa hanya da ha'inci, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Shekara goma sha ɗaya a Faransa, ko titi bai taɓa tsallakawa da jar wuta ba. Saura wata guda a kira shi ganawar zama ɗan ƙasa, matarsa Hamdiya har ta goge masa kwat ta rataye a gidansu na Bron, gefen Lyon. Ranar da ya duba gadar ya rubuta rahoto mai zafi. Shugabarsa ta ce ya sassauta, ya ƙi. Ya rubuta cewa duk wanda ya sa hannu a kan aikin nan ya cancanci kurkuku, a kuma hana shi sana'ar har abada. Shafin sa hannun ne kawai babu a kwafin da aka ba shi, yana wajen wani lauya a unguwar Belleville ta Paris da ke riƙe da takardun kamfanin da ya yi aikin, wanda ya daɗe da rushewa. Illo bai jira ba, ya aika wa kotu. Suna ai cikon layi ne.

A hanyar komawa Lyon ya sauka Paris. Kafin ya je wajen lauyan ya biya unguwar Barbès, shagon wayoyin Kawu Chaibou, dattijon da ya tarbe shi ranar da ya fara taka ƙasar. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya soma yabonsa gaban masu ciniki, kamar kullum.

“Wanga yaro zumunci gare shi. Yana etidiyan a jami'a, ɗakinshi masaukin kowa ne. Rigar sanyinshi ya bayar, har katin zamanshi ya ara ma Soumaïla magini wata ukku, ya yi aiki da shi ya samu abin komawa gida. Ko ina za ka bai tambaye shi ba. Illo, har yau Soumaïla yana yi maka addu'a.”

“Kawu, bar tuna baya,” in ji Illo, yana jin daɗi. “Ni yau wani ƙazami nike nema. Wallahi ko hannu ba ni iya ba shi.”

Ya kwashe labarin gadar ya faɗa masa, har da tsutsar da warin. Kawu ya ajiye kofin shayinsa.

“Wane gari ka ce?”

Illo ya faɗa.

“Wace shekara?”

Ya sake faɗa. Dattijon ya kau da kai ya kalli jirgin ƙasan metro da ke wucewa a sama.

“Rapor ɗin, ka riga ka aika?”

“Tun jiya.”

“Allah shi kyauta,” in ji Kawu. Illo ya ɗauka tausayin tsohon masuncin ne ya kama shi.

A ofishin lauyan wata mata ta kawo masa fayil mai ƙura. Ta ce irin kamfanonin nan haka suke yi: in sun ga lebura mai takardar makaranta, sai su tura masa biro ya sa hannu a madadin injiniya, shi bai ma san abin da ke rubuce ba. Illo ya yamutsa fuska. Jahilci ba uzuri ba ne, ya ce mata, ya ciro alƙalaminsa don ya kwafe sunan.

Ya buɗe shafin ƙarshe. Sa hannun wani karkataccen zane ne, na wanda ya fi sabawa da cokalin gini. An maƙala masa kwafin katin zama, hoton ya yi baƙi ƙirin, ba a gane fuskar kowa. Rubutun ƙasa kuwa raɗau yake: ɗalibin injiniya a Lyon, haifaffen Tawa, Illo Mounkaila.