Tsohon da Ya Kasa Ribas

Motar ta sake mutuwa a tsakiyar titi. Tsohon ya ɗage ƙafa daga kuloci, ya dubi malamar tuƙi kamar mai jiran yabo.

"A tayar," ta ce, idonta na kan hanya.

Ya tayar, ya sa giya, motar ta yi tsalle ta sake mutuwa. Na bayansu suka dinga danna oda.

Tun da malamar ta fara aiki a makarantar koyon tuƙi ba ta taɓa haɗuwa da ɗalibi irin wannan ba. Ta koya wa matsorata, ta koya wa masu rawar kai, har wata mata da ke rufe ido in ta hango babbar mota ta samu lasin a hannunta. Amma tsohon nan wata da watanni yana zuwa, kullum jiya i yau. In an ce hagu ya yi dama. Ribas kuwa ba a magana: ya taɓa ture durom ɗin shara, ya fita ya ba durom haƙuri.

Ranar nan da safe mai makaranta ya kira ta ofis.

"Ɗalibi ɗaya ya gagare ki, har mutane sun fara surutu. In bai ci jarrabawa ran Litinin ba, ki ajiye min makulli."

Ta fito daga ofishin. Aikin nan ta sha wuya kafin ta same shi, ta ɓata da mutanen gida a kansa, kuma da shi take riƙe kanta da ɗanta. Yanzu ga shi zai suɓuce mata saboda mutum ɗaya.

Abin haushin, shi ya zaɓe ta da kansa ranar rajista, ya ce in ba ita ba a bar shi. Ba ya makara, ba ya fashi. Yakan zo da wuri ya goge gilashi, ya duba mai da ruwa, ya daddaki tayoyi, duk ba a sa shi ba. In sun hau titi kuma bakinsa ba ya hutawa. Ta ci abinci? Tarin nan ya sake ta? Yaron ya fara tafiya? Ita dai amsarta ɗaya: "A duba gaba."

Da yamma ta kai shi filin bayan makaranta, ta jera robobi, ta ce a yi ribas. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya take, bai bar ko guda ba. Ta miƙa hannu ta kashe motar, ta juyo ta dube shi.

"In ba a ci jarrabawar nan ba, korata za a yi. Ko dama abin da ake so ke nan?"

Tsohon ya juyo ya dube ta.

"Korarki? Ba wanda ya faɗa min."

Ya gyara zama, ya taɓa madubi da yatsa ɗaya, ya tayar. Da hannu guda ya juya sitiyari, motar ta sulale da baya, ta shige tsakanin bango da motar mai makaranta, wurin da ita kanta malamar ba ta yarda ta gwada ba. Ya ja birkin hannu, ya ɗora hannuwa a cinya.

"In na ci, darasi ya ƙare ke nan?"

"Ya ƙare."

"To a ina zan riƙa ganinki?"

Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi, har dariya ta so ƙwace mata. Ta daɗe tana kallon robobin da ya markaɗe.

"An san gidana," ta ce. "A zo ran Asabar. A ci abinci."

Ran Litinin ya ci jarrabawa, mai jarrabawar yana ta jinjina wa malamar da ta gyara wannan tsoho. Ta karɓi yabon. Ba ta ga amfanin gaya masa cewa rabin rayuwar tsohon a tuƙin tirela ya yi ta ba, ko cewa shi ne mahaifinta da ya ce in ta kama wannan aiki kada ta ƙara taka ƙofar gidansa.