Sunanta a Takardar Kamfani

A tashar jirgin ƙasa ta Idu Musaddiq ya tari Khairat. Tun da ya gama karatu a Malesiya ya samu aiki can, ta sa a ranta cewa sallama zai zo yi mata.

Ya miƙa mata takardar kamfanin, idonsa a ƙasa. A gurbin matar aure, sunanta ta gani.

"Ƙarya ka yi musu?"

"Gaggawa dai na yi. Kawu zai je gidanku neman aurenki ranar Asabar."

Ta ƙura masa ido. "Ni kake so, ko gidan da suke ba masu iyali?"

"Na gaya musu in babu ke, su nemi wani ma'aikacin."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ninke takardar ta jefa a jaka.

"Tana hannuna sai an shafa fatiha."