Haihuwa Ta Goma

Na'urar ba ta fi kwalin ashana biyu girma ba. Injiniya ta ɗaura ta a gindin wutsiyar saniyar, ta ja maɗaurin, ta yi wa Maigida, mai gonar, bayani: saniya in ta kusa haihuwa takan yawaita ɗaga wutsiya, na'urar za ta ƙirga, ta aika masa saƙo a waya.

Baffa yana riƙe da kan saniyar. Shekara talatin da ɗaya yana karɓar haihuwa a wannan gona. Injiniyar kuwa 'yar ƙanensa ce, shi ya koya mata tatsa tun tana gudun ƙaho.

"Baffa, ka huta ke nan," in ji ta.

"Na ce miki na gaji ne?"

Maigida ya kafa sharaɗi. Haihuwa goma za a gwada. In na'urar ta faɗi duka goman daidai, zai sa a ɗaura wa garken gaba ɗaya, Baffa kuma ya koma kula da ɗakin dusa, saboda ciwon bayansa. Baffa bai taɓa yi wa kowa kukan baya ba.

Kwana biyun farko Injiniya ta yi su tana zagaya shinge da waya a sama, tana neman sabis, tana tsaki. A na uku ta ja teburinta zuwa bakin tagar da ke kallon turakun shanu, ta ce ofis ɗin ba iska. Daga nan hankalinta ya kwanta.

Shi Baffa ba ya shela. Yakan duba hantsa ya ga ta cika ta yi ƙyalli, ya latsa gefen wutsiya ya ji wurin ya saki, ya lura saniya ta juya wa dusa baya. Sai ya ɗauko shuɗiyar igiyarsa ta jan maraƙi, ya rataye a ƙofar turken, ya je ya ɗora ruwa. Haka yake yi tun kafin a haifi Injiniya.

Yanzu kuwa, ruwan bai gama zafi ba sai ya ji motar Maigida.

"Ta aiko! Saura awa biyu, ta ce!" in ji Maigida.

A da, sai maraƙi ya miƙe da ƙafarsa Maigida ke jin labari. Yanzu yana zuwa da abokai. A haihuwa ta huɗu maraƙin ya taho da baya, Baffa ya zura hannu har kafaɗa, ya yi rabin awa yana juya shi. Baƙin suka yi ta ɗaukar hoton wutsiya. Da aka nuna masa hoton, gwiwar hannunsa ce kawai ta fito, a can gefe.

Abin da ya fi ci masa rai sunan ne. Shekara da shekaru masu tatsa suna tsokanarsa da Ungozoma, yana bin su da sanda. Ran nan ya ji ɗayansu yana cewa, "A sa wa Ungozoma caji." Ya waiwaya zai yi faɗa, ya ga ba da shi ake ba.

"Malam, yanzu da abin da ake sa wa caji kake kishi?" matarsa ta tambaye shi a gida.

"Miƙo min ruwa," in ji shi.

Tara suka wuce, ba kuskure ko ɗaya. Ta goma karsana ce mai cikin fari, ana ce mata Mai Tabo. Da safe, ana can ana tatsa, Baffa ya kwance na'urar daga wutsiyarta, ya kai can ƙarshen gona ya ɗaura wa tsohon bijimi. Bari dai a ga ko bijimi zai yi naƙuda.

Bayan azahar Mai Tabo ta ƙi dusa. Baffa ya latsa, ya ji wurin ya saki. Ya rataye igiyarsa, ya ɗora ruwa, ya zauna a kan bokiti yana kallon hanya. Rabon da ya ji irin wannan daɗi har ya manta.

Ƙura ta tashi a hanyar.

"Ta goma!" Maigida ya faɗa tun bai rufe ƙofar mota ba. Ya leƙa bayan karsanar, ya tsaya. "Ina na'urar?"

"Ni na cire, bayan ta aika," Injiniya ta yi saurin cewa. "Kada jini ya ɓata ta."

Ba ta kalli Baffa ba. Shi ma bai iya kallonta ba. Wato ta gane abin da ya yi, ta rufa masa asiri. Na'urar kuma, a ganinsa, tun jiya ta gama ƙirgarta kafin ya cire ta, tun shi bai ga komai ba. Ya karɓi haihuwar, 'yar maraƙa lafiyayya, ya wanke hannu a hankali.

Bai karɓi makullin ɗakin dusa ba. Ya naɗe igiyarsa ya sa a jaka, ya yi wa masu tatsa sallama. Injiniya ta biyo shi har bakin ƙofa.

"Baffa, don Allah ka ƙara ko wata ɗaya."

"Ungozomarku tana nan, 'yata. Allah ya ƙara basira."

Ta koma teburinta. Shanu bakwai ne za su haihu a wata mai zuwa, Maigida kuma ya riga ya ce a haɗo na'ura arba'in. Ta jawo durowa ta kalli ƙaramar wayar da ke ciki, sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofofin turakun, ko'ina wayam. Na'urar ba ta taɓa aika saƙo ko ɗaya ba. Duka goman ita ta rubuta su da yatsanta a wannan ƙaramar wayar, duk lokacin da ta hango shuɗiyar igiyar Baffa a rataye.