Ƙarshen Layi

Da mari na biyu ya sauka, malamin fiyano ya miƙe dafe da kunci.

"Baaba, laifin me na yi miki?"

Tsohuwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yau ne darasinta na farko. Sauran malamai duk sun ƙi ta, wai tsufa ya cinye yatsunta. Wannan kaɗai ya yarda, har yana yaba saurin hannunta.

"Wallahi ɗan nan, ba ni ba ce, hannun ne. Zauna mu sake."

Ya zauna a ɗarare. Ta bi layin kiɗan tiryan-tiryan, tana kaiwa ƙarshe hannun hagu ya tashi da kansa, tas!

"Wai aikin me kika yi kafin ritaya?"

"Tafireta na buga a kotu. In layi ya ƙare, sai ka mangare kan injin ya koma farko."

Ya suri jakarsa ya fice, ko sallama babu. Ta cire rai.

Washegari aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, sanye da hular kwano.

"Baaba, mu je layi na gaba."